Yadda aka jingine ƙarar ƙanena a kotun tarayya, muka koma kotun jiha

Ƙanena yana ɗaure a wani gidan yari da ke arewacin jihar Niyok, bisa hukuncin fashi da wata kotu a Bronx ta yanke masa. Ni ce babbar yayarsa, kuma ni kaɗai ce danginsa na jini a Amurka, mahaifiyarmu tana Maradi. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, ban taɓa zama ajin koyon shari'a ba. Duk abin da na sani game da wannan hanya, a kan takardunsa na koye shi, da dare bayan na tashi daga aiki.

Bayan an yanke masa hukunci, lauyan da gwamnati ta ba shi ya ɗaukaka ƙara. Tsarin Niyok yana rikita baƙo, domin kotun da suke kira Kotun Ƙoli ita ce ta ƙasa, wadda ake fara shari'ar manyan laifuffuka a cikinta. Sama da ita akwai sashen ɗaukaka ƙara, wanda reshensa na farko ke kula da Manhattan da Bronx. Babbar kotun jihar kuwa tana Albany, kuma ba kowace ƙara take karɓa ba, sai wadda ta ba izini. Sashen ɗaukaka ƙara ya tabbatar da hukuncin, Albany ta ƙi ba da izini, lauyan ya aiko da wasiƙa cewa aikinsa ya ƙare. Daga nan babu wani lauyan kyauta da doka ta wajabta a ba shi.

Hanyar da ta rage ita ce ƙarar da ake kira habeas corpus a kotun tarayya, ƙarƙashin sashe na 2254 na dokar tarayya, inda fursunan jiha ke cewa an tsare shi ne saɓanin tsarin mulkin Amurka. Kuɗin shigar da ita dala 5 ne kacal, amma lokacinta a ƙayyade yake. Dokar 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu, shekara guda bayan harin bam na Oklahoma, ta ba fursuna shekara ɗaya tak. Ana fara lissafi bayan ƙarewar kwana 90 da mutum ke da su na kai kuka Kotun Ƙolin Amurka, ko ya kai ko bai kai ba. Ƙanena ya san da wannan wa'adi domin a ɗakin karatun shari'a na gidan yarin babu abin da ake yawan maimaitawa kamarsa. Wani fursuna da ya daɗe yana taimaka wa mutane a wurin ya zauna da shi suka cike fom ɗin, ya aika zuwa kotun tarayya ta gundumar kudancin Niyok, wadda ke titin Pearl a Manhattan, da sauran lokaci a hannunsa. Ranar da ya kira ni ya ce, "Yaya, na tura," muryarsa ta yi sauƙi kamar yadda ban ji ta ba tun da aka tafi da shi.

Ƙorafi uku ya rubuta. Biyu daga cikinsu lauyan ɗaukaka ƙara ya riga ya kai su har Albany. Na ukun sabo ne, kuma shi ne ya fi ci masa rai: lauyan da ya kare shi a shari'ar farko bai taɓa neman wani dattijo ɗan ƙasarmu ba, mai ɗan shago a unguwarmu, wanda ƙanena ya ce yana taya shi sauke kaya a daren da aka yi fashin. Ya ba lauyan sunansa tun farko. Dattijon Hausa da Zabarmanci yake ji, sai ɗan Faransanci, kuma kafin a gama shari'ar rashin lafiya ta sa ya koma gida.

Watanni suka shuɗe kafin lauyoyin gwamnati su amsa. Da amsar ta zo, ba su ma tsaya jayayya kan dattijon ba. Cewa suka yi wannan ƙorafi ba a taɓa gabatar da shi a gaban wata kotun jiha ba, don haka kotun tarayya ba ta da ikon ba da abin da aka nema a kansa. Gaskiya suka faɗa. Doka ta ce dole fursuna ya fara ba kotunan jiha damar gyara kuskurensu, ƙorafi bayan ƙorafi, har matakin ƙarshe da jihar ta tanada. Tun 1982, a shari'ar Rose da Lundy, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙarar da ta cakuɗa ƙorafin da aka kai kotun jiha da wanda ba a kai ba, korar ta ake yi dungurungum, mutum ya je ya gama da jiha ya dawo. A wancan zamanin hakan ba ya kashe kowa, domin babu wa'adin shekara ɗaya. Bayan 1996 ne abin ya zama tarko. A 2001, a shari'ar Duncan da Walker, kotun ta ƙara da cewa zaman da ƙara ke yi a kotun tarayya ba ya tsayar da lissafin shekarar. Ƙorafin da aka shigar yadda ya kamata a kotun jiha ne kaɗai ke tsayar da shi.

Na ɗauki kalanda na ƙirga, na sake ƙirgawa. Shekarar ƙanena ta riga ta ƙare tun ƙararsa na kwance tana jiran amsar gwamnati. Idan alƙali ya kore ta don a je jiha a dawo, za mu dawo mu tarar da ƙofa a rufe. Idan kuma ya janye ƙorafin dattijon don a ci gaba da sauran biyun, da wuya ya sake samun damar kawo shi, domin dokar nan ta 1996 ta tsananta sharuɗɗan ƙara ta biyu ƙwarai, sai da izinin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Gaba kura, baya siyaki.

Wannan fursuna mai taimako ne ya ce masa ya nemi a jingine ƙarar, ya ba shi sunan shari'ar da zai dogara da ita: Rhines da Weber, ta 2005. Charles Rhines fursuna ne da aka yanke wa hukuncin kisa a Dakota ta Kudu. Ya shigar da ƙararsa ta tarayya a 2000 yana da fiye da wata 11 a hannu, amma sai a 2002 alƙali ya gano cewa 8 daga cikin ƙorafe-ƙorafensa 35 ba su bi ta kotun jiha ba, lokacin wa'adi ya wuce. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta hukuncin. Ta ce alƙalin tarayya yana iya riƙe ƙarar a gefe ba tare da ya kore ta ba, amma bisa sharuɗɗa: fursuna ya nuna ƙwaƙƙwaran dalilin da ya hana shi fara zuwa kotun jiha, ƙorafin kada ya zama wanda a fili ba shi da tushe, kuma kada a ga alamar yana jan ƙafa ne da gangan. Shi Rhines ɗin an aiwatar masa da hukuncin kisa a 2019, amma da sunansa fursunoni ke roƙon wannan alfarma har yau.

Sharaɗin dalili ne ya fi ba mu wuya. Alƙalai da dama ba sa karɓar "ban san doka ba" ko "ba ni da lauya" a matsayin dalili shi kaɗai. Abin da muke da shi fiye da haka shi ne dattijon ya bar ƙasar, kuma sai daga baya muka gano inda yake. Ta hannun ƙungiyar 'yan gida da ke haɗuwa bayan Juma'a aka bi sawunsa, daga wani ɗansa direba zuwa wani ƙauye a yankin Dosso. Ranar da aka haɗa ni da shi a WhatsApp na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ce yayar yaron nan mai taya ka sauke buhunan shinkafa." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni, "Har yanzu suna riƙe da shi?" Ya ce babu wanda ya taɓa zuwa tambayarsa komai, ba lauya ba, ba ɗan sanda ba, alhali ya yi watanni a shagon bayan an kama yaron.

Ƙanena ya rubuta takardar roƙo da hannunsa, ya zayyana duk wannan, ni kuma na buga ta a kwamfuta na mayar masa ya sa hannu. Haka muka riƙa yi a kowace takarda, domin wanda ba lauya ba ba ya tsayawa wa wani a kotu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Gwamnati ta yi adawa. Ƙaramin alƙalin da aka miƙa wa ƙarar, mai taimaka wa babban alƙalin gunduma, ya duba, daga ƙarshe aka amince.

Umarnin bai cika shafi uku ba, kuma har yanzu ina iya karanto shi da ka. An jingine ƙarar. Ƙanena yana da kwana 30 ya shigar da ƙorafinsa a kotun jiha. Zai riƙa aiko da wasiƙa lokaci-lokaci yana bayyana inda aka kwana. Idan kotunan jiha suka gama, yana da wasu kwana 30 ya dawo ya sanar. Idan ya saɓa ko ɗaya, ana iya soke jinginewar kamar ba a taɓa yin ta ba, a kori ƙarar. Wannan tsari na kwana 30 zuwa da kwana 30 dawowa ya samo asali ne daga wata shari'ar Niyok ta 2001, Zarvela da Artuz, kuma hukuncin Rhines ya ambace ta.

Na kira Inna na gaya mata an jingine. Ta yi hamdala, ta ɗauka an sassauta masa ne. Na bar ta da farin cikinta na wannan dare, washegari na yi mata bayani cewa yana nan inda yake, ɗaurinsa na tafiya, kawai dai ba a rufe masa ƙofa ba.

Mutane da yawa a unguwa sun ɗauka lokacin hutu ne ya zo. Ni a ganina a cikin waɗannan kwana 30 ne aka yi aikin da ya fi kowane nauyi a shari'ar gaba ɗaya. Dalili kuwa, a 2011, a shari'ar Cullen da Pinholster, Kotun Ƙolin Amurka ta ce idan kotun jiha ta yanke hukunci kan ainihin ƙorafi, alƙalin tarayya zai auna wannan hukunci ne da abin da ke gaban kotun jihar kawai. A 2022 shari'ar Shinn da Ramirez ta ƙara ƙuntata hanyar kawo sabuwar shaida a tarayya. Ma'ana, duk takardar da ba mu sa a jakar jiha ba, kusan a ce ba za a taɓa kallon ta ba. Da na fahimci haka na je wurin shugabannin ƙungiyarmu. Aka yi karo-karo, na haɗa da kuɗin adashina, muka ɗauki lauya don wannan mataki kaɗai.

A Niyok ana kiran roƙon da za mu shigar a kotun jiha da lambar sashensa, 440.10, kuma a gidan yari "440" kawai ake cewa. Ana shigar da shi a kotun da ta yanke hukuncin tun farko, kuma shi ne hanyar ƙorafin da hujjarsa ba ta cikin rubutaccen bayanin shari'a, kamar shaidar da ba a kira ba. Lauyar da muka ɗauka ta ce maganar baki ba ta da amfani, sai rantsattsiyar takarda. Dattijon ba ya karatun boko. Ɗansa ya kai shi gari wurin mai hatimin gwamnati, aka rubuta bayaninsa da Faransanci, aka karanta masa da Hausa, ya dangwala yatsa. Takardar ta iso mini cikin ambulan da ya sha hannu, kusurwarsa ɗaya ta jiƙe ta bushe, tawadar yatsan ta ɗan bazu a kan layi. Dokar jihar ta ce takardar rantsuwa da ke cikin wani harshe sai an haɗa ta da fassarar Turanci da kuma rantsuwar mai fassarar cewa ya ƙware kuma ya fassara daidai. Muka nemo mai fassara, shi ma ya je ya rantse.

Sai kuma tsohon lauyan. Kotunan Niyok suna son ganin bayaninsa, ko aƙalla bayanin dalilin rashinsa. Lauyarmu ta rubuta masa, ta sake rubutawa, bai amsa ba. Ta haɗa kwafin wasiƙun da rasit ɗin gidan waya a cikin jakar. Ma'aunin da ake bi shi ne na shari'ar Strickland da Washington ta 1984: a nuna aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, a kuma nuna akwai yiwuwa mai ma'ana da sakamakon ya bambanta in da ya yi aikinsa. An shigar da roƙon kafin wa'adi ya cika, ƙanena ya aika wa kotun tarayya wasiƙa da kwafin shafin farko mai hatimi.

Daga nan sai jira. Masu gabatar da ƙara suka nemi ƙarin lokaci, aka ba su, suka sake nema, aka sake ba su. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma har yanzu yana nan. Gwamnati tana neman ɗagawa da wasiƙa mai layi huɗu, fursuna kuwa kwana ɗaya ya makara yana iya rasa komai. Kuma jinkirin ba ya rage wa gwamnati komai, domin mutumin da ake jayayya a kansa yana hannunta, kowace safiya ana ƙirga shi a layi.

Na buɗe asusu a PACER, shafin da ake duba takardun kotunan tarayya. Ana cajin santi 10 kowane shafi, amma idan abin da mutum ya kashe a wata uku bai wuce dala 30 ba, yafewa ake yi. Wata rana na duba na ga an rubuta cewa an rufe ƙarar. Gabana ya faɗi, na kasa ƙarasa abincin da nake ba tsohuwar da nake kula da ita sai da na fita baranda na kira ofishin magatakarda. Matar da ta ɗauka ta ce rufewar ta lissafin ofis ce kawai, don kada ƙarar ta zauna cikin jerin masu motsi, umarnin alƙali yana nan daram, kuma za a sake buɗewa idan ya dawo cikin lokaci.

A tsakiyar jiran aka ɗauke shi zuwa wani gidan yari ba sanarwa. Kayansa, har da jakar takardun shari'a, sun biyo shi daga baya da makonni. Wasiƙar bayani ga kotun tarayya ta kusa, ga shi kuma wajibi ne ya sanar da kotu sabon adireshinsa, domin idan aka aika masa umarni ya dawo ba a same shi ba, ana iya ɗauka ya yi watsi da ƙararsa. Sa'ar da muka yi ita ce ina da kwafin komai a gida, a cikin wani babban fayil mai zobe da na ware wa shari'ar. Da ya samu waya na karanta masa lambar ƙarar harafi-harafi, ya rubuta a bayan takardar kantin gidan yari, ya tsara wasiƙar a daren. Akwai ƙa'idar da ta taimake mu a nan, daga shari'ar Houston da Lack ta 1988: takardar fursunan da ba shi da lauya ana ɗaukar ta shiga kotu ne ranar da ya miƙa ta ga ma'aikatan gidan yari don a aika, ba ranar da ta isa ba. Saboda haka kowace wasiƙa yana rubuta ranar miƙawa a ƙasanta, ya sa hannu, ya riƙe shaidar cire kuɗin kan sarki.

Kotun Bronx ta ƙi roƙon ba tare da ta kira zama ba, abin da dokar jihar ta ba ta dama. Alƙalin ya ce takardar dattijon ba ta fayyace sa'ar da abin ya faru sosai ba, kuma rashin kiran sa yana iya zama dabarar lauya. Na karanta wannan jimla na ajiye takardar. Yaya za a kira shi dabara, alhali ba a taɓa zuwa an ji abin da mutumin zai ce ba? Ƙanena ya kira da yamma, na karanta masa. Ya ce, "Yaya, to mu koma tarayya." Na ce masa tukuna, domin lauyar ta riga ta gargaɗe ni. Ƙin da kotun farko ta yi bai kammala zagayen jiha ba. Sai an nemi izinin ɗaukaka ƙara daga sashen ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin sashe na 460.15, cikin kwana 30. Wanda ya tsallake wannan mataki ya koma tarayya, za a ce masa bai gama da jiha ba, kuma lokacin gyarawa ya wuce. Alƙali ɗaya ne ke duba wannan buƙata. Idan ya ƙi, babu hanyar zuwa Albany a kan wannan, zagaye ya cika.

Ya ƙi, da takarda mai shafi ɗaya. Lauyar ce ta fara samun ta, ta kira ni a ranar, domin daga nan kwana 30 na dawowa suke fara tafiya, kuma wasiƙar gidan yari tana iya cin kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci. Kuɗinmu ya ƙare a nan, aikinta ma ya ƙare, amma ta yi mana karamcin duba wasiƙar dawowar kafin in aika masa. A ciki ya roƙi a ɗage jinginewar, a sake buɗe ƙarar, ya haɗa hukuncin kotun Bronx da takardar ƙin izini da duk jakar 440. Da yake ƙorafin dattijon yana cikin ƙarar tun ranar farko, ba mu shiga rigimar ko sabon ƙorafi ne da ya makara ba. Waɗanda suka ƙara sabon abu bayan shekarar ta wuce suna fuskantar shari'ar Mayle da Felix ta 2005, wadda ta ce sai sabon ƙorafin ya fito daga ainihin abubuwan da tsohon ya dogara a kansu.

An sake buɗe ƙarar. Fiye da shekara ta tafi tsakanin jinginewa da dawowa. Gwamnati ta shigar da sabuwar amsa, wannan karon kan dattijon kansa, ƙanena ya mayar da martani. Ban yaudari kaina ba game da abin da ke gabanmu. Dokar 1996 ba ta tambayar alƙalin tarayya ko yana ganin kotun jiha ta yi kuskure. Tana tambayarsa ko hukuncinta ya saɓa wa abin da Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta kafa, ko ta yi amfani da shi ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba, kuma wannan ma'auni ne mai tsauri ƙwarai. Amma takardar Baba da yatsansa tana cikin jakar da alƙalin zai buɗe, tare da wasiƙun da tsohon lauya bai amsa ba.

Yanzu muna jiran rahoton ƙaramin alƙali da shawararsa. Idan ya fito, ƙanena yana da kwana 14 ya rubuta abin da bai yarda da shi ba kafin babban alƙalin gunduma ya yanke hukunci, kuma abin da bai ƙalubalanta a nan ba yana iya rasa damar ɗaukaka ƙara a kansa. Kwana 14 kaɗan ne ga wanda wasiƙarsa ke bi ta ɗakin tantancewa na gidan yari, don haka mun riga mun tsara takardar neman ƙarin lokaci, tana hannunsa, ranar kawai zai cike ya sa hannu. Ni kuma ina duba PACER kowace safiya kafin in fita aiki, don in riga gidan waya sanar da shi.